Hajiyar Riruwai

Malam Badamasi ya naɗe littafin a takardar buhun siminti, ya ɗaure da zare, ya yi masa ƙullin nan nasa da sai an sa haƙori yake kuncewa. Ya ajiye a gefen tebur, ya zuba wa titi ido. Ranar kasuwa ce, amma Surajo ɗan acaɓa bai zo ba. Waccan kasuwar ma bai zo ba.

Teburin littattafansa na bakin tashar Tudun Wada ya girmi rabin direbobin tashar. A da, matan aure rige-rigen aikowa suke yi. Yanzu kowa ya sunkuyar da kai a waya, labarin ma karanta masa ake yi a kunne. Rana ta ci bangon littattafan har hotunan sun koɗe. Da tuni ya kwashe ya koma gona, ba don Hajiyar Riruwai ba.

Bai taɓa ganinta ba. Surajo ne ya kawo saƙonta shekarun baya, daidai lokacin da Badamasi ya fara zancen tashi. Wai wata Hajiya ce can Riruwai, ita ba ta karatu a waya, sai ta ji takarda a hannunta. Tun daga nan duk kasuwa sai ta aiko. Kuɗinta tsofaffi ne, duk maiƙo, amma ba ta taɓa neman ragi ba. Abin da ya fi burge shi, littafin da ya daɗe yana shan ƙura, wanda shi kaɗai ya san darajarsa, shi take ambata da suna.

Har sharhi takan aiko. Wata rana Surajo ya ce, yana kallon ƙasa, "Ta ce a gaya maka jarumin nan bai kyauta ba. Matarsa na gabansa, shi yana hangen nesa."

Badamasi ya ji daɗi, ya kai wa matarsa Zuwaira labari. Dama halinsa ne, in ya gama littafi sai ya kifa turmi ya zauna, ya zayyane mata shi tas, tana tuyar ƙuli-ƙuli tana cewa "to". Zuwaira ba ta yi boko ba, baƙi biyu ba ta iya haɗawa.

"Kin ji mata masu kai," ya ce. "Ke kuwa sai matsar gyaɗa."

Ta yi murmushi, ta juya tuyarta. Wasa yake yi, kuma ya sha yin irinsa.

Da daminar bana ciwo ya kwantar da Zuwaira, ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abarsa. Gidan ya yi masa faɗi. Yakan ɗauki littafi ya ajiye, don sai yanzu ya gane rabin daɗin karatun wannan "to" ɗin ne. Bayan an share makoki ya koma teburinsa, yana lallashin kansa cewa ko ba komai akwai sauran mutum ɗaya a duniya da ke jiransa. Har saƙo ya tanada: a gaya wa Hajiya ta yi gaskiya, jarumin nan bai kyauta ba.

Sai dai Surajo in ya hango shi, sai ya sauya hanya. Yau da la'asar Badamasi ya ɗauki ƙunshin, ya tare shi a bakin gidan mai.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji Surajo. "Hajiya ba za ta sake aikowa ba." Ya tayar da babur, idonsa jawur.

Ashe ita ma waya ta cinye ta. Badamasi ya ji haushin matar da bai taɓa gani ba, haushi mai zafi, har ya ji kunyar kansa. Ya kira mai baro ya ce a kwashe teburin, ya gama.

A gida ya tarar da Hasana, ƙanwar marigayiya, tana sauke kayan ɗaki saboda rabon gado. Namiji ba ya buɗe kwallar matarsa. Manyan kwanonin nan sun yi shekara da shekaru a jere a gabansa, bai taɓa ɗaga murfi ɗaya ba. Ya zauna a bakin ƙofa, ƙunshin da ba a karɓa ba yana kan cinyarsa.

Hasana ta yunƙura za ta ɗaga babbar kwallar, ta kasa. Ta buɗe, ta buɗe ta kusa da ita, ta waiwayo wajen Badamasi.

"Yaya, zo ka gani."

Cike suke da ƙunshin takardar siminti, ɗaya kan ɗaya, suna ƙamshin man gyaɗa, kuma ko guda ba a kunce ƙullinsa ba.