Ranar da Aka Dandaƙe Jan Bijimi

Jan bijiminmu mai tozo kamar tulu ya fi duk shanun unguwarmu a Madarunfa cika. Wata la'asar a bakin tabki, Baba ya sa aka kayar da shi, mai dandaƙa ya ɗauko gudumar icce.

Na ce, "Baba, to wa zai ba shanunmu maruƙa?"

Ya nuna wani ramammen sa. "Mai kyau na turke ne, shi mahauta ke so. Barbara ko wancan ya iya."

Har yau in na tuna ƙarar gudumar nan raina ɓaci yake. Jikokin ramammen nake kiwo yanzu, kuma duk mahaucin da ya shafa bayansu cewa yake ƙashi na kawo mishi.