Baiti na Tara

Daminar da aka ba mu Jihar Jigawa ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Wata rana bayan la'asar Baba ya kira ni ɗakinsa, a gidanmu na Ringim. Lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Ɗakin ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa gafakar da yake ajiye waƙoƙin wa'azi da mahaifinsa ya rubuta da ajami.

Ya miƙo mini takardun, suna warin jiƙaƙƙiyar fata. "Uwata, karanta mini in ji ko sun tsira."

Na ɗaga ta farko, na ɗaga ta biyu. Tawadar duk ta narke.

"Baba, babu rubutu."

"Fita haske ki duba da kyau."

Na fita tsakar gida na duba har idona ya kawo ruwa, amma ko kalma uku ban haɗa ba.

Sai ya ce in ɗauko littafina na makaranta da biro. Ya shiga rero ɗaya daga cikin waƙoƙin da ka, da sauri, ina rubutawa. A baiti na tara ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Ya dafe kai yana cewa, "Ya Allah, jiya ma fa na san shi."

Har aka kira magariba bai tuno ba. Yanzu duk tsohon da na samu daga Ringim sai na karanta masa baiti takwas ɗin, in yi shiru ina jira.