Inda Gwaggo Take Kamun Kifi

An sake karanta wa Gwaggo dokar, ita kuma ta sake tura kwalekwalenta cikin tafki, kamar da bango aka yi magana.

Dokar ba wuya: an rufe tsakiyar tafkin, duk wanda aka kama a can, jirginsa ya tafi ke nan. Gwaggo kuwa ban da wannan tsohon kwalekwalen ba ta da komai.

Kuma wai me take kamowa? 'Yan mitsi-mitsin kifin nan masu sheƙi, tsawon yatsa, ƙaya ta fi tsoka yawa. A bakin gaɓa ma ga su nan birjik. Amma ina! Ita sai can.

Tuƙinta ma abin kallo ne. Ruwa shimfiɗe, ba dutse ba ciyawa, amma sai ta miƙe, ta karya dama, ta ɗan kauce kamar za ta yi karo, ta karya hagu, sannan ta tsaya cak. Kullum haka. Masunta suka ce tsufa ne kawai.

Ran nan da hantsi sabon mai gadin tafkin ya biyo ta da jirgin inji. Wani dogo ne, bai daɗe da zuwa ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta jan komarta.

"Gwaggo, ki rufa min asiri ki koma gaɓa. A kan kifin da ko mage sai ta yi shawara kafin ta ci?"

"Magen gidanku ke nan."

"Wallahi zan ja jirgin nan."

"Ja mana, dogon banza. Ka faɗo wa mutane ko sallama babu."

Ransa ya ɓaci. Ya ɗauko doguwar gora zai maƙalo kwalekwalen, ta goce masa ta nutse. Bana ruwa ya ja baya sosai, sai ya ji gorar ta daki wani abu, ƙwal! Ya leƙa. Can ƙasa ga kifayen suna shige da fice ta wata kafa mai kusurwa huɗu.

Gorar ta tsaya a hannunsa. Gwaggo ta gyara ɗaurin zanenta.

"A hankali, kar ka ɓula min rufi," in ji ta. "A ɗakin nan na haifi 'ya'yana kaf, kafin ku gina madatsarku ku sako mana ruwa."