Gishirin da Ke Girma a Kwalba

"Malam, ko ka fasa kwalbar nan ko in bar maka gidan," in ji matarsa. "Abin da ke ciki girma yake yi, mai shi kuwa yana ƙasa."

Ɗansu ne ya ajiye ta kafin ya koma jami'a a Zariya, ruwan tsamiya da na toka, da zare a rataye ciki. Ya ce gishiri zai fito, ƙwayoyin da ido ba ya gani kowace za ta nemi abokiyar zamanta su jeru. Wata sabuwar mota irin ta zamanin arzikin fetur ta kife da shi kafin Funtuwa. Gishirin bai ji labari ba, ya ci gaba da tsirowa.

Tsohon ba ya son wargi. Mutuwa rigar kowa ce, ya ce, ya fito da kwalbar zai buga da turmi. Sai rana ta ratsa ta. Gishirin ya yi sahu tsaf, amma can tsakiya akwai gurbi guda, sauran sun kewaye shi, sun ƙi matsowa.

Hannunsa ya sauko a hankali.

"Zo ki gani," ya ce. "Su ma sun bar mishi wurinshi."