Ciwon Inna

A filin jirgin Abuja ya hango ƙanensa, wanda suka daɗe ba sa ga maciji saboda gonar gado. Shi daga Fatakwal, ƙanen daga Yola, kira ɗaya ya taso su: Inna ba lafiya.

Jirgin Sakkwato ya yi jinkiri. Ƙanen ya matso. "Yaya, in ba mu iske ta ba fa?" Sai yayan ya kama hannunsa.

A Boɗinga suka tarar da ita garau, tana yankan albasa.

"Inna, ina ciwon?"

Ta dube su kafaɗa da kafaɗa. "Ya warke. Na san duk inda kunka fito, Abuja za ta tara ku jirgi guda."