Gwangwani Mai Lamba Tara

Na'urar gwaji ta nuna fetur ƙarara a tokar da ke gwangwani mai lamba tara. Ma'aikaciyar da ke gwajin ta sake dubawa, don yayanta ake zargi da ƙona shagon da aka ce tokarsa ce.

Ta waiga, ba kowa a ɗakin gwajin. Ta rubuta a rahotonta: "Babu fetur."

Da rana shugabanta ya kira ta ofis.

"Malama, kin tabbata?"

"Na tabbata, ranka ya daɗe."

"Ikon Allah! Gwangwanin nan ni na zuba masa fetur, don in gwada amanarki. Ajiye katin aikinki."

Ta kai bakin ƙofa ya ce, "Af, tokar shagon an auna ta jiya. Ba ko ɗigon fetur. Tun safe aka saki yayanki."