Sifikun Alhaji Junaidu

Karo na huɗu ke nan Maccido yana sa a sake kunna kaset ɗin daga farko, mai shago kuwa har ya fara tsaki a ciki.

Alhaji Junaidu, babban ɗan kasuwar Illela, shi ya aiko shi. A shekarar 1986 Alhaji ya gina wani ɗaki a gidansa domin kallo da sauraro. An shimfiɗa kafet, an kawo bidiyo da talabijin, an ajiye janareta a bayan gida. Abin da ya rage manyan sifiku biyu, irin masu gurnanin nan da mutum ke ji har cikin ƙirjinsa.

"Duk garin ga babu mai kunnenka," in ji Alhaji da safe, yana miƙa masa kaset. "Waɗanda ka zaɓa su za a ɗauka."

Maganar ta yi wa Maccido daɗi ƙwarai. Ya daɗe a gidan, amma kwanan nan ba a cika nemansa ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya fito.

Mai shagon, Dabo, baƙo ne daga Maraɗi, bai fi wata biyu da zuwa ba. Kayansa ta Ƙonni suke shigowa, farashinsu ma da sefa, kuɗin Nijar, yake faɗi. Ya jona biyun farko, kiɗan ganga ya cika shagon.

Maccido ya girgiza kai. "Waɗanga kwano suke bugu, ba fata ba."

Aka jona na biyu. Ƙararsu ta sa masu canji suka leƙo daga bakin hanya, amma ya ce sun haɗiye ƙaramin bugun da ke biyo babba. Dabo ya kasa kunne, bai ji komai ba.

"Mi kake nema ne, Baba?"

"Saurara dai. Nan gaba kaɗan hannun zai ɗan yi nauyi."

Haka kuwa aka yi.

Sai wajen la'asar Dabo ya jawo wasu baƙaƙe biyu daga ƙurya, kowace ta kai ƙugun mutum. Da aka kunna, ƙasa ta amsa. Gangar ta fito sak, har da ɗan zirin da ke rawa a kan fata. Maccido ya rufe ido, yatsunsa masu kanta suna motsi a kan gwiwa. Bai ce a tsayar ba har kaset ɗin ya ƙare.

"Su ne," ya ce. "Ko mai ita sai haka."

Dabo ya yi dariyar wanda ya huta, ya kama ɗaure kwalayen da igiya.

"Ai shi ke nan, Alhaji ya samu abin da yake so. Da ya zo jiya ya ce mini makaɗin gidansa ya tsufa, hannu ya mutu, sai cin tuwo. Yana jira a kafa waɗannan ne ya sallame shi kafin Sallah, tunda ga kiɗan a kaset."

Maccido ya sunkuya ya taya shi jan igiyar, ya ƙulle ta tam da hannayen da suka shekara talatin da ɗaya suna kaɗa wa gidan Alhaji Junaidu ganga.